Zalɓe a Goshin Keke: Shin Ado Alkawari ne ko Yaudara?

A Kasuwar Katako ta birnin Yamai, inda tsohon ƙarfe ke samun sabuwar rayuwa, a narke gwangwani a zuba tukunya, a fasa ganga a ƙera akwati, akan ci karo jefi-jefi da wani tsohon baƙin keke jingine a rumfar mai gyara. Fentinsa ya dushe, sirdinsa ya sha faci, tayoyinsa kuwa an sauya su sau ba adadi. Amma idan aka sa tsumma aka goge goshinsa, sai wani ɗan faranti na tagulla ya bayyana, ɗauke da kan zalɓe mai dogon baki, da suna Raleigh, da sunan garin Nottingham na ƙasar Ingila. Idan aka ƙara dubawa, za a ga burbushin wani siririn layi mai ruwan zinariya yana bin gefen ƙarfe, bai karkace ba, bai tsinke ba. Idan kuma aka sunkuya can ƙasa wajen faifan haƙoran da sarƙa ke hawa, wurin da ƙura da baƙin mai suke taruwa, za a tarar da kawunan zalɓe uku an huda su cikin ƙarfe, suna juyawa duk lokacin da aka taka feda.

Wannan keken, wanda Hausawa suka fi sani da Rali, yana ɗauke da wata tambaya da ta girme shi nesa ba kusa ba. Mene ne amfanin ƙawata abin da aka yi domin aiki? Zalɓen nan bai ƙara wa keke gudu ba, layin zinariya bai rage wa mahayi gumi ba. To, shin wanda ya ɓata lokacinsa ya yi su ya yi almubazzaranci ne, ko ya yaudari mai saye ne, ko kuwa ya sauke wani nauyi ne da ke kan duk mai sana'a? Tambayar ta shafi maɗinki da magini da baduku, ta kuma shafi malamin da ke gyara wa ɗalibi rubutu.

Yadda dokin ƙarfe ya iso

Ko da yake Nijar tana ƙarƙashin mulkin Faransa ne a zamanin mulkin mallaka, kuma kekunan Faransa irin su Peugeot sun shigo ta kantunan Turawa, keken Ingila ya sami hanyarsa ta kudu. Tun da layin dogo ya iso Kano a 1911, kayan Ingila suka riƙa kwarara arewa tare da cinikin gyaɗa, su ratsa Katsina da Daura, su faɗa Maraɗi da Damagaram. Ta yamma kuma, ƴan ci-rani masu tafiya Kumasi da Akara, irin waɗanda Jean Rouch ya nuna a fim ɗinsa Jaguar da ya ɗauka a tsakiyar shekarun 1950, sukan komo gida da atamfa da akwati, wanda ya yi sa'a kuma ya komo da keke. Daga baya kamfanin Raleigh ya kafa masana'anta a Kano, keken ya ƙara kusantar jama'a. Malamin lakwal da akawu da ma'aikacin gidan waya da ɗan kasuwar ƙauye duk sun hau shi, har ya zama alamar cewa mutum ya kama ƙasa.

Shi kuwa kamfanin, asalinsa wata ƴar maƙera ce a kan titin Raleigh a Nottingham, wadda wani attajiri mai suna Frank Bowden ya zuba wa jari a 1888. Zalɓen da ke goshin keken an ɗauko shi ne daga tambarin gidan Bowden. A farkon shekarun 1950 masana'antar tana fitar da keke kimanin miliyan ɗaya a shekara, ana kai su Indiya da Afirka da sauran sassan duniya. Ta haɗiye abokan gasarta ɗaya bayan ɗaya: Humber a 1932, Rudge a 1943, sashen kekunan BSA a 1957. Kowannensu yana da irin nasa adon. Faifan haƙoran Rudge yana ɗauke da tafin hannu a buɗe, na Humber yana ɗauke da ƴan mutane riƙe da hannun juna a da'ira kamar masu rawa, Phillips kuma tambarinsa zaki ne. A birnin Landan, wata ƙaramar maƙera mai suna Hetchins ta shahara tun shekarun 1930 wajen sassaƙa mahaɗar bututun keke da zarto da magagari, har ta fito tamkar ganye da furanni, tare da lanƙwasa ƙarafan baya su yi kamar igiyar ruwa.

Hausawa ba su karɓi wannan baƙo hannu sake ba. Sun raɗa masa suna dokin ƙarfe, suka kira mazauninsa sirdi, sannan suka yi masa abin da suka saba yi wa doki. An naɗe jikinsa da fata ko roba mai launi, an rataya masa tuntaye, an ƙara madubai da ƙararrawa, an ɗinka wa sirdi riga mai geza. Ke nan adon Nottingham ya tarar da jama'ar da ta riga ta yi imani cewa abin hawa mai daraja ba ya fita tsirara.

Ƙorafe-ƙorafe uku

Masu sukar ado suna da hujjoji, kuma bai kamata a yi watsi da su ba. Ƙorafi na farko shi ne na ɓarna. A 1910 wani mai zanen gine-gine ɗan ƙasar Ostiriya, Adolf Loos, ya gabatar da wata lacca a birnin Biyana wadda aka buga da Faransanci a 1913 da taken Ornement et crime, wato ado da laifi. Ra'ayinsa shi ne ado yana cin ƙarfin ma'aikaci da kayan aiki a banza, yana kuma sa abu ya tsufa da wuri domin yayi yana wucewa. A ƙasar da fari ke yawan ziyarta, inda magidanci ke lissafin tiyar hatsi, wannan magana tana da nauyi. Sa'o'in da aka kashe wajen zana layin zinariya, da an ƙera wani keken da su, da ƙila farashi ya sauko har talaka ya samu. Sai dai ya kamata a tuna cewa Loos ya ɗora hujjarsa a kan raina al'ummun da ba Turawa ba, yana ɗaukar son ado a matsayin alamar rashin wayewa. Duk wanda ya karɓi hukuncinsa ba tare da tacewa ba, ya yanke wa aska takwas da zanen gidajen Birnin Damagaram hukunci ɗaya da na zalɓen Raleigh.

Ƙorafi na biyu shi ne na tarko. Kamfani ba ya yin ado don Allah. Yana yi ne don ya sayar. Tsofaffi da yawa suna tune da hoton tallan Raleigh da aka baza a ƙasashen Afirka, na wani mutum a kan keke yana murmushi, zaki na bin sa a guje ya kasa cim masa. Kowa ya san babu keken da zai tsere wa zaki. Daɗin daɗawa, tambarin BSA bindigogi uku ne a jingine da juna, domin kamfanin maƙeran bindiga ne na Birmingham suka kafa shi a 1861. Wato ado yana iya ɗauke da tarihin ƙarfi da mamaya, yana iya zama kyan ɗan maciji. Manomin da ya sayar da gyaɗarsa da araha ya sayi keke da tsada, an ɗauke masa ido da walƙiya ne daga tambayar wane ne ya yanka farashin duka biyun.

Ƙorafi na uku shi ne mafi zurfi, domin ya shafi ma'aikaci. John Ruskin, marubucin Ingila, ya yi bayani a 1853 cewa ado ba ya da daraja sai in hannun da ya yi shi yana da ƴancin tunani. To, zalɓen Raleigh inji ne ya huda shi, dubbai a rana guda. Alan Sillitoe, wanda ya shiga aiki a wannan masana'anta yana ɗan shekara 14, ya wallafa littafinsa Saturday Night and Sunday Morning a 1958, inda ya siffanta rayuwar wani matashi mai tsayuwa gaban inji daga safe zuwa yamma yana yanka ƙarfe iri ɗaya, ana biyansa bisa yawan abin da ya yanka, ba abin da yake jira sai daren Asabar. Idan haka rayuwar maƙerin take, ina mutuncin da ake cewa ado yana nunawa?

Inda ado ya samo tushe

Amsar waɗannan ƙorafe-ƙorafe tana farawa ne daga jikin keken kansa. Gangar jikin tsohon keke bututun ƙarfe ne da ake zura bakunansu cikin wasu mahaɗai masu kama da kube, sannan a narka tagulla ta kwarara tsakani ta liƙe su. Idan aka bar bakin mahaɗar da kauri, aka yanke shi a miƙe, to duk jijjigar hanya a nan za ta taru, kuma a nan bututu zai tsage wata rana. Saboda haka maƙeri yakan goge bakin ya yi siriri, ya fitar masa da tsini da lanƙwasa, domin nauyi ya bazu a hankali. Yakan kuma huda ƴan tagogi a jikin mahaɗar, su rage nauyi, su kuma nuna masa ko tagulla ta ratsa ko'ina. Furannin Hetchins daga wannan buƙata suka tsiro, ko da yake sun zarce ta daga baya. Haka nan dole ne a huda faifan haƙora don ya yi sauƙi. Abin da ya rage shi ne a zaɓi siffar hujin, sai wani ya zaɓi zalɓe, wani ya zaɓi tafin hannu. Baƙin fentin da aka shafa aka gasa a tanda shi ya hana tsatsa cin ƙarfen shekaru da dama.

Wannan ba baƙon abu ba ne ga mai lura da sana'o'in gida. Ɗinkin babbar riga ya fi yawa a wuya da bakin aljihu, wato wuraren da hannu ke yawan ja, inda yadi ke saurin yagewa. Yaɓen da ake zana dagi a kansa shi ne ke kare bangon ƙasa daga ruwan sama. Sassaƙar ƙwarya tana sa mai nono ta gane tata a cikin ƙoren kasuwa. A duk waɗannan, ado ya sauka ne a daidai inda aiki ya fi buƙatar kulawa. Mai sana'a ya tsaya a wurin domin tilas, da ya tsaya kuma sai ya ƙara abin da ba tilas ba. Wannan ƙarin shi ne abin dubawa.

Hausawa kan ce labarin zuciya a tambayi fuska. Mai sayen keke ba ya iya ganin cikin mahaɗa, ba ya iya auna ingancin ƙarfe, ba ya iya sanin ko ƙwallayen da ke cikin cibiyar taya za su kai shekara goma. Abin da yake iya gani shi ne fuska. Idan layin zinariya ya tafi sambal, idan tambarin tagulla an kafa shi da ƙusa daram, to mai ƙira yana cewa ne: yadda aka kula da abin da ido ke gani, haka aka kula da abin da ba ya gani. Ke nan ado alkawari ne. Tambari kuma sa hannu ne, domin wanda ya buga sunansa da sunan garinsa a goshin abu ya ba da adireshin da za a kai masa zargi. Kyan alkawari kuwa cikawa. Keken da ya ɗauki buhunan hatsi a kan yashi da tsakuwa shekara talatin ko arba'in, ya wuce daga uba zuwa ɗa, ya cika alkawarin da zalɓensa ya ɗauka. Da wannan ma'auni, hoton zaki ƙarya ne, amma layin zinariya ya faɗi gaskiya.

Daga nan ake iya rarrabe ado gida biyu. Akwai adon da ya fito daga cikin aiki, akwai kuma wanda aka manna don ya rufe rashin aiki. Na biyun ya cika kasuwanni a yau: tambarin leda mai ƙyalli a kan ƙarfen da ke lanƙwashewa a damina ɗaya, suna mai kama da na wani shahararren kamfani an sauya harafi ɗaya. Irin wannan shi ne kayan aro, wanda ba ya rufe katara. Laifin da Loos ya hango yana nan, amma mazauninsa ha'inci ne. Hasali ma, jabu shaida ce ga darajar na gaske, domin ba wanda ke kwaikwayon sa hannun mutumin da ba a yarda da shi ba.

Dangane da ɓarna kuwa, lissafin yana sauyawa idan aka sa shekaru a ciki. Abin da aka ƙawata akan so shi, abin da ake so akan gyara shi. Ƙwaryar da aka sassaƙa ita ake kai wa gyartai idan ta tsage. Mai Rali yakan goge kekensa kowace safiya, ya ɗiga masa mai, ya jingine shi a inuwa, kuma wannan kulawa ita ta ninka kwanakin keken, ta kuma ciyar da masu gyara a kowace unguwa. Araha ba ta ado, in ji masu iya magana. Ana iya ƙarawa da cewa abin da ba a yi wa ado ba, ba a jin zafin yar da shi. Tulin tarkacen da ke toshe magudanan ruwa a birane ya isa shaida cewa abin da ya fi cin dukiya shi ne wanda ake saye sau biyar.

Ƙorafin Ruskin shi ne ba a iya kawar da shi gaba ɗaya, kuma gaskiya ta wajabta a amsa haka. Kyan kaya ba ya wanke zaluncin da aka yi wa wanda ya ƙera shi. Abin da kawai za a iya cewa shi ne, ko a cikin masana'antar akwai hannayen da suka ja layin zinariya, akwai idanun da suka mayar da abin da ya karkace, kuma akwai wanda ya yanke shawarar cewa keken da za a aika wa manomin da ba zai taɓa gani ba ya cancanci zalɓe irin na keken da za a sayar a Landan. Wannan shawara, ko da neman riba ne ya haife ta, tana ɗauke da wata girmamawa ga mai saye. Darasin shi ne a yi wa kowane kyakkyawan abu tambaya biyu: shin ya cika alkawarinsa ga mai saye, kuma shin an cika wa mai yin sa nasa alkawarin?

Abin da ya rage ga na baya

Kowa ya tuna bara bai ji daɗin bana ba, amma kewar jiya kaɗai ba ta gina komai. Zamanin keken Ingila ya wuce. Kekunan Sin irin su Phoenix sun maye gurbinsa tun da daɗewa, su ma babura sun ture su gefe a titunan Yamai. Masana'antar Nottingham ta daina haɗa kekuna a 2002, a 2012 kuma wani kamfanin ƙasar Holan mai suna Accell ya sayi sunan Raleigh. Tambayar da keken ya bari ita ce ba ta wuce ba, kuma ta fi matsa wa masu sana'ar gida.

A Gidan Tarihi na Ƙasa na Boubou Hama, wanda aka kafa a 1959, da kuma ƙauyen masu sana'ar hannu na Wadata, akwai maƙeran azurfa da dukawa da masaƙa waɗanda gwanintarsu ba ta gaza ta maƙeran Hetchins ba. Haɗarin da ke fuskantarsu shi ne ado ya rabu da amfani. Idan kyakkyawar jaka ta zama ta baƙo ce kawai da ta mai kuɗi, ɗan ƙasa kuma aka bar shi da leda, to an raba al'umma gida biyu: masu cancantar kyau da waɗanda aka ce amfani kaɗai ya ishe su. Idan kuma aka koma yin takalmin da ake ratayawa a bango domin ba ya jure tafiya, to ado ya zama alkawarin da babu niyyar cikawa. Ƙungiyoyin al'adu za su yi babban aiki idan suka riƙa yaba wa mai sana'a bisa abu biyu tare, kyan gani da ƙarko, suka kuma ƙarfafa masa gwiwa ya sa alamarsa a jikin abin da ya yi, domin a san wanda za a gode wa da wanda za a tuhuma.

Malaman makaranta ma suna da rabonsu. Ɗalibin da ya ja layi da kyau a littafinsa, ya gyara harufansa, ya sa wa ƙ da ɗ da ɓ lanƙwasarsu, yana koyon girmama wanda zai karanta. Amma ɗalibin da ya cika takarda da manyan kalmomin Faransanci ko tsauraran karin magana don ya ɓoye cewa bai fahimci darasi ba, ya fara koyon manna tambarin leda. Aikin malami ne ya nuna masa bambancin tun da wuri, domin wanda ya saba da haka a aji, shi ne gobe zai shafa sabon fenti a ginin da aka rage wa siminti, ko ya rubuta rahoto mai daɗin karatu a kan rijiyar da ba a haƙa ba.

Saboda haka, amsar tambayar da aka faro da ita ba ta cikin adon kansa. Tana can bayansa, a wurin da ido ba ya kaiwa. Mai gyaran keke a Katako ya san wannan ba tare da ya karanta Loos ko Ruskin ba. Idan aka kawo masa tsohon Rali, ba tambarin yake fara dubawa ba. Yakan ɗaga keken ya ji nauyinsa, ya ƙwanƙwasa bututu ya saurari amo, ya bi mahaɗai da yatsa yana neman tsaga. Sai ya tabbatar da cewa komai na nan daram, sannan ya ɗauki tsumma ya goge zalɓen.